Tsohon Harshe Sai da Malami: Dokokin Wasan Tebur a Ma'aunin Karatun Zaure

Wasan kwaikwayo na kan tebur wasa ne da 'yan mutane ke zama wuri ɗaya, kowa ya ɗauki matsayin tauraro guda a cikin ƙagaggen labari, ɗaya daga cikinsu kuma ya zama jagora. Jagora ke siffanta gari da daji da abokan gaba, shi ne kuma alƙali idan gardama ta tashi. Ba a rubuta ƙarshen labarin tun da farko. Ɗan wasa yakan faɗi abin da tauraronsa zai yi, a jefa ƙwaya mai lambobi irin ta ludo, a haɗa abin da ta nuna da makin da ke takardar tauraron, sannan jagora ya faɗi ko an dace. Wanda ya buɗe wannan fage a kasuwa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara, kamfanin TSR ya buga a Amurka a 1974.

Kafin a fara wasa sai kowa ya gina tauraronsa: asalinsa, sana'arsa, ƙarfin jikinsa, kaifin basirarsa, makamansa, da harsunan da yake ji. Layin harsuna gajere ne a takardar, amma akan yi ja-in-ja a kansa, musamman idan aka zo ga tsofaffin harsuna, wato waɗanda ba a ciniki da su a kasuwa, sai dai a same su a jikin kango ko a cikin tsohon kundi. Wa ya cancanci ya rubuta irin wannan harshe a takardarsa, kuma me zai biya? Manyan wasanni sun tsaya a kan cewa tsohon harshe ba ya zuwa kyauta. Hukuncin daidai ne, sai dai bai cika ba. Tsarin da malaman zaure suka daɗe suna bi wajen koyar da Larabcin littattafai a garuruwa irin su Anka da Gummi da Bukkuyum da Adabka ya fi dokokin wasan cika, kuma da shi ya dace a auna su.

Dalilin tsaurara doka a tsararren wasa

Idan abokai ne ke wasa a gida, maganar jagora ita ce doka. In ya ga dama ya ƙyale wani ya ce tauraronsa ya tashi a gidan mai tara tsofaffin kundaye, don haka yana karanta harshen mutanen da. Babu wanda aka cuta, domin duk teburin ya ji ya yarda.

Tsararren wasa daban yake. A nan ƙungiya ce ke fitar da labarai iri ɗaya ga dubban tebura, ɗan wasa kuma yana iya ɗaukar tauraronsa daga wannan gari ya zauna da shi a teburin wani gari, gaban jagoran da bai taɓa gani ba. Kamfanin TSR ya kafa ƙungiyar RPGA a 1980, wadda ta gudanar da shirin Living City daga 1987, sannan Living Greyhawk daga 2000 zuwa 2008. A 2008 kamfanin Paizo ya ƙaddamar da Pathfinder Society a babban taron Gen Con da ake yi a birnin Indianapolis, a 2014 kuma masu Dungeons & Dragons suka fito da Adventurers League. A Pathfinder Society, duk wanda ya kammala labari guda akan ba shi takardar shaida mai ɗauke da abin da tauraronsa ya samu da abin da ya kashe. Tarin waɗannan takardu su ne tarihin tauraron, su ne kuma hujjarsa idan wani jagora ya yi shakka.

Tunda jagoran bai san ɗan wasan ba, dole doka ta tsaya a madadin sanayya. Abin kamar mudun awo ne: idan mudun kasuwar Gummi ya bambanta da na Anka, kowane ciniki sai ya ƙare da rantsuwa. Tsohon harshe kuwa yana da daraja ta musamman a irin waɗannan labarai, domin yawancinsu a kan tone-tonen kufai da warware tsohon rubutu suke. Wanda ke karanta rubutun da ke bakin ƙofa yana iya kauce wa tarkon da zai hallaka sauran. Idan kowa zai iya rubuta harshen a takardarsa ba tare da ya biya komai ba, rubutun bakin ƙofar ya tashi daga aiki, ɗan wasan da ya zaɓi ya zama masani kuma ya yi asarar zaɓinsa.

Yadda dokar harshe ta sauya

A bugun 1974 na Dungeons & Dragons lissafin mai sauƙi ne: duk makin basira da ya haura 10 yana ba tauraro damar ƙarin harshe guda. Basira kaɗai ce ma'auni. Bugu na uku, na shekarar 2000, ya raba abin gida biyu, ƙwarewar magana da harshe daban, ƙwarewar warware baƙon rubutu daban. An kuma daɗe da ware wasu harsuna a matsayin na sirri, kamar zaurancen ɓarayi da harshen masu tsafin daji da ake kira Druid, waɗanda sai ɗan cikin sana'ar ke samu. Bugu na biyar, na 2014, ya jera harsunan gama-gari a gefe guda, baƙi a wani gefe, ya ce zaɓen na biyun yana buƙatar izinin jagora. Ya kuma tanadi hanyar koyon sabon harshe bayan an fara wasa: sai an nemi mai koyarwa, a yi kwana 250 ana koyo, ana biyan zinare ɗaya kowace rana.

Pathfinder, wanda babban littafinsa ya fito a 2009, ya gina labaransa a ƙagaggiyar duniya mai suna Golarion, inda dauloli irin su Azlant da Thassilon suka rushe kimanin shekara 10,000 kafin zamanin labarin. Littafin da ya siffanta wannan duniya ya ware harsunan da ake magana da su daga tsofaffi irin su Azlanti da Thassilonian da tsohon Osiriani, wanda aka ƙera da kamannin Masar ta Fir'auna. Hanyar da ba a gardama a kanta ta samun irin waɗannan ita ce zuba maki a ƙwarewar nazarin harsuna, inda kowane maki ke sayen harshe guda. Makin nan kuwa ƙididdigagge ne, duk wanda aka zuba a harshe an hana shi ga hawa bango ko iyo ko laɓewa. Wanda bai san harshen ba yana iya gwada warware rubutun da jefa ƙwaya, amma ma'aunin yana tashi daga 20 ga saƙo mai sauƙi zuwa 30 ga rubutu mai sarƙaƙiya ko wanda ya tsufa ƙwarai. Bugu na biyu na 2019 ya ƙara matakin ƙaranci: abu na gama-gari kowa na iya ɗauka, wanda ba na gama-gari ba kuwa sai an nuna hanyar da aka isa gare shi.

Wasu wasanni biyu sun fi kusantar gaskiya. Call of Cthulhu na kamfanin Chaosium, wanda ya fito a 1981, yana auna sanin harshe da kashi cikin ɗari, ta yadda wani zai iya tsintar kalmomi a Latin, wani ya karanta shi tiryan-tiryan, nazarin tsohon littafi guda kuma yakan ci makonni. Ars Magica, wanda ya fara fitowa a 1987, ya sa labarinsa a Turai ta ƙarni na 13, ya mai da Latin mabuɗin ilimi, yana kuma lissafin koyo da yanayin shekara huɗu: kowane yanayi tauraro zai zaɓi ko ya zauna gaban malami, ko ya duƙufa kan littafi, ko ya yi wani aikin.

Tsarin zaure a yammacin Zamfara

Larabci harshe ne mai rai, amma Larabcin da ke cikin littattafan nahawu da lugga da fiƙihu babu wanda ke tsotsarsa a nono. Ko Balaraben Shuwa na Borno, wanda Larabci ne harshen gidansu, sai ya yi karatu kafin ya warware waƙoƙin Jahiliyya. Ga Bahaushen Adabka ko Bafulatanin da ke rugar bayan gari, wannan shi ne tsohon harshen da ke riƙe da mabuɗin addini da shari'a da tarihi, kuma al'umma ta daɗe da shimfiɗa ƙa'idojin isa gare shi.

Matakin farko shi ne makarantar allo. Yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, ya koyi haɗa baƙi da wasali, ya riƙa wanke allo ana yi masa ƙari har ya sauke, bisa ruwayar Warshu da rubutun Magribi da aka gada. Mai sauka yana karantawa daidai, wani ma ya haddace, amma wannan bai sa ya san ma'anar abin da yake karantawa ba, kuma babu wanda ke ɗaukar haka a matsayin abin mamaki. Kowa ya san karatu mataki ne, fassara wani mataki ne.

Mataki na biyu shi ne makarantar ilimi, wadda galibi a zauren malam take. Babu aji, babu ƙararrawa, babu jarrabawar ƙarshen zango. Kowane ɗalibi da littafinsa. Idan layi ya zo kansa sai ya ja baƙi, malam ya fassara masa kalma bayan kalma, ya yi bayani, ɗalibin ya koma gefe yana maimaitawa. Littattafan suna da jeri da aka sani. A fiƙihu akan fara da Ƙawa'idi, a bi da Ahlari da Ishmawi da Iziyya, a shiga Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, kafin a tunkari Muhtasar na Halil. A lugga akwai Ishriniya ta Alfazazi da Burda ta Busiri, sai Muƙamat ta Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122, mai muƙama 50 cike da kalmomin da ba a cika ji ba, sai kuma diwanin mawaƙan Jahiliyya. A nahawu akan fara da Ajurumiyya ta Ibn Ajurrum, wanda ya rasu a Fas a 1323, a ƙare da Alfiyya ta Ibn Malik mai baiti kusan 1,000. Malamin da ya ga ɗalibi ya ɗauko Alfiyya bai yi Ajurumiyya ba zai mai da shi baya.

Abu na uku shi ne shaida. Ɗalibin da ya kammala littafi a hannun malami yana iya karɓar ijaza, wato izinin koyar da shi, tare da jerin malaman da littafin ya biyo ta hannunsu. Ko babu takarda, tambayar farko da ake yi wa baƙon malami ita ce a wurin wa ya yi karatu. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, domin ya lissafa malamansa da abin da ya karanta a gaban kowannensu, shi ne kuma ya tsara nahawu a Albahrul Muhiɗ da sarfu a Alhisnur Rasin. Ƙasar Zamfara ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi, domin Shehu Usmanu da ƙanen nasa sun shafe kimanin shekara biyar suna wa'azi da karantarwa a cikinta tun a ƙarshen shekarun 1780.

Misali na kusa shi ne Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, haifaffen garin Gummi. Ɗan alƙali ne, a gidan ilimi ya buɗe ido, amma haihuwa ba ta ɗauke masa ko mataki ɗaya ba. Ya fara karatu a gaban mahaifinsa, ya yi makarantar midil ta Sakkwato, ya shiga makarantar shari'a ta Kano, ya ƙaro ilimi a Bakhtar Ruda a Sudan, kafin ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya kuma karɓi kyautar Sarki Faisal a 1987. Abin da gida ya ba shi shi ne kusanci da malami da littafi tun yana ƙarami. Sauran duk zama ne da shekaru.

Inda dokokin wasa suka dace

Idan aka ɗora dokokin wasa a kan wannan ma'auni, sun dace a wurare huɗu. Na farko, sun raba harshen da ake gada daga wanda ake nema. Tauraro yakan samu harshen ƙabilarsa kyauta, kamar yadda yaron Bukkuyum ke tashi da Hausa ba tare da ya biya kowa ba, amma asali ba ya ba shi harshen kundi. Na biyu, sun rage ikon basira. Kaifin ƙwaƙwalwa yana sa mutum ya tsinci Fulatanci a kasuwar shanu ko Dakarci a hanyar Zuru, saboda akwai masu magana da zai saurara. Harshen da ba a jin sa a bakin kowa ba ya tsintuwa, komai basirar mutum. Na uku, sun sa wa abin farashi. Makin da aka zuba a harshe ya tafi, kamar yadda shekarun da ɗalibi ya yi a zaure ba su dawowa ya yi fatauci da su. Na huɗu, sun nemi hujja. Takardar shaidar da ɗan wasa ke nuna wa baƙon jagora tana yin aikin da ijaza ke yi wa baƙon malami, ta tabbatar wa wanda bai san shi ba cewa abin da yake iƙirari yana da tushe.

Inda suka gaza

Babban raunin yawancin dokokin shi ne suna ɗaukar harshe a matsayin abu guda, ko kana da shi ko ba ka da shi. Da zarar an rubuta Thassilonian a takarda, tauraro ya iya karatu da rubutu da magana da fassarar waƙa, duk a rana ɗaya. Zaure ya san aƙalla matakai huɗu: gane baƙaƙe, karantawa daidai, fassara da taimakon malami, da cin gashin kai a littafin da ba a taɓa biya wa mutum ba. Tarihin binciken tsofaffin harsuna ma haka ya nuna. Champollion ya buɗe rubutun Masar ta da a 1822 da taimakon dutsen Rosetta da aka gano a 1799, amma ya kai ga haka ne bayan shekarun da ya yi yana nazarin Kibɗanci. Rubutun daular Meroe ta Sudan kuwa, Francis Griffith ya gano yadda ake furta haruffansa tun wajen 1911, amma har yau masana na karanta jimloli da yawa ba tare da sun san ma'anarsu ba. Wannan matsayi na mai karatu ba fassara, wanda kowane mai sauka ya sani, ba shi da gurbi a takardar tauraro.

Rauni na biyu shi ne haɗa rubutu da harshe. Ajami ya isa misali. Malami daga Alƙahira zai gane haruffan wasiƙar da aka rubuta da ajamin Hausa, amma ba zai fahimci komai ba. Bahaushen da ya yi boko zalla yana jin harshen sarai, amma wasiƙar kakansa a rufe take gare shi. Wanda ya iya ajami da Hausa kuma zai tsaya cak a gaban waƙoƙin Shehu na Fulatanci. Makullai biyu ne, kowanne da mabuɗinsa, dokar da ta haɗe su kuwa ta zubar da damar labarai masu daɗi, inda sai taurari biyu sun haɗa kai kafin takarda ɗaya ta buɗe.

Na uku, malami ya ɓace. A Pathfinder ana iya samun harshen da ya mutu shekara 10,000 da suka wuce tsakanin labari da labari, ba tare da an ambaci wanda ya koyar ba. Dokar kwana 250 ta fi kyau tunda ta ambaci mai koyarwa, amma ta mai da shi ɗan kasuwa da ake biya kullum, alhali a zaure dangantakar ɗalibi da malami ta wuce kuɗi: akwai hidima, akwai ladabi, akwai suna da za a ɗauka har mutuwa. Na huɗu, babu jeri, babu littafin da sai an yi shi kafin wani. Na biyar, babu mantuwa. Harshen da aka rubuta a takarda yana nan har abada, alhali duk ɗalibi ya san karatun da aka bar wa ƙura guduwa yake yi, shi ya sa ake tilawa da muraja'a.

Ƙorafe-ƙorafen da ake yi

Akwai masu ganin duk wannan tsanani ne a kan abin da aka ƙirƙira don nishaɗi. Hujjarsu tana da ƙarfi ta fuska ɗaya: zaman tebur na awa huɗu ko biyar ba zai ɗauki lissafin littattafai goma ba, kuma ƙungiyar da ke kula da dubban 'yan wasa tana buƙatar dokar da za a duba cikin minti ɗaya. Amma sauƙi bai hana matakai ba. Lamba ɗaya daga 1 zuwa 4 a gaban sunan harshe ta wadatar, kuma Call of Cthulhu ya nuna tun 1981 cewa ana iya auna harshe da daraja-daraja ba tare da wasa ya tsaya ba.

Ƙorafi na biyu shi ne labari yakan cije idan babu mai harshen a teburin. Wannan laifin marubucin labarin ne. Rubutun da ke jikin kango ya kamata ya ba mai karanta shi fifiko, kamar gajeriyar hanya ko gargaɗi, amma kada ya zama ita kaɗai ce ƙofar ci gaba. A rayuwa ma wanda aka aiko wa wasiƙar da ba ya iya karantawa yakan kai wa malamin unguwa, tafiyar zuwa wurin malamin kuma ita kanta labari ce.

Na uku, wasu kan ce tunda akwai sihirin fahimtar harsuna a cikin wasan, wahalar koyo ta zama banza. Masu tsara dokar sun hango haka, shi ya sa a bugun 2014 na Dungeons & Dragons sihirin awa ɗaya kawai yake yi, kuma ma'anar zahiri kaɗai yake bayarwa. Duk wanda ya taɓa jin an fassara karin magana kalma da kalma ya san abin da ke salwanta. Habaici da zambo da ishara zuwa wani tsohon baiti sai wanda ya zauna da harshen.

Ƙorafi na huɗu ya fi nauyi: doka mai tsauri tana mai da ilimi kayan 'yan tsiraru. Tarihin ƙasar nan yana da amsa. Masu jihadin Shehu Usmanu ba su sassauta jerin littattafai ba, amma sun buɗe wata ƙofa ta hanyar waƙa da fassara. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tsara 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke ɗaukar karatu su kai wa matan karkara. Mai tsohon harshe a wannan tsari ma'aikacin jama'a ne, darajarsa tana cikin abin da ya fassara wa waɗanda ba su da shi. Dokar wasa da za ta saka wa tauraro saboda ya koyar ko ya fassara wa abokan tafiyarsa ta magance wannan ƙorafi ba tare da ta zubar da farashin koyo ba.

Abin da mai tsara wasa na Hausa zai ɗauka

Wasannin tebur irin waɗannan ba su yaɗu a ƙasar Hausa kamar dara da ludo da karta ba, amma ɗaukar matsayin wani bisa ƙa'ida tsohon abu ne. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa. A kalankuwa samari kan naɗa wa junansu sarautu bayan kaka. A tashe yara kan shiga kamannin wasu mutane a cikin watan azumi. Abin da babu shi ne takarda da lissafi. Wanda zai tsara irin wannan wasa don masu jin Hausa zai fuskanci tambayoyi biyu tun daga farko: matsayin ƙwayar jefawa, wadda malamai da yawa ke ƙyama saboda kusancinta da caca, da kuma wajabcin nisanta Alƙur'ani da abubuwan ibada daga fagen wasa. Ta farko ana iya kauce mata da wata hanyar yanke hukunci, kamar kashe maki daga abin da tauraro ya tara. Ta biyu iyaka ce da ba a tsallakewa, kuma babu buƙatar tsallake ta, domin wasiƙun sarakuna da takardun fatake da jerin sunayen sarakuna sun isa kayan labari.

Tarihin Zamfara kansa ya tanadi fage. Birnin Zamfara ya faɗi a hannun Sarkin Gobir Babari a shekarun 1760, gidan sarautar ya yi ta ƙaura kafin ya tabbata a Anka, inda Sarkin Zamfara yake har yau. Wanda ke son bin diddigin wannan zamani zai tarar da labarin a warwatse cikin harsuna: Larabci a Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Raudatul Afkar na Abdulƙadir ɗan Tafa, Jamusanci a littafin Kurt Krieger na 1959 kan tarihin Zamfara, Turanci a kundin digirin Garba Nadama na 1977 a Jami'ar Ahmadu Bello, sai Hausa a bakin maroƙa da makaɗan fada. Ko a zahiri, babu mai buɗe wannan tarihi da harshe ɗaya.

Daga tsarin zaure ana iya fitar da ƙa'idoji biyar masu sauƙin dubawa. Harshen gida kyauta ne, harshen maƙwabta kuma basira da yawan tafiya ke ba da shi. Rubutu, ko ajami ko boko, a saye shi daban da harshe. Tsohon harshe ya kasance da matakai huɗu, kuma sabon tauraro kada ya wuce na biyu sai idan asalinsa ya nuna shekarun da ya yi a gaban malami, ya kuma biya da wata ƙwarewar da zai rasa. Kowane ƙarin mataki ya buƙaci sunan malami a cikin labarin da lokacin da aka ware, a rubuta su a takardar shaida yadda kowane jagora zai gani. Matakin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba ya ragu har sai an yi muraja'a. Waɗannan ƙa'idoji sun riƙe abin da tsararren wasa ke buƙata, wato ma'auni ɗaya a kowane tebur, sun kuma ƙara abubuwa uku da dokokin da ake da su suka bari a baya: malami, jeri, da bambanci tsakanin mai karantawa da mai fahimta.